Tambayi Mai Riwaya: rediyon motata ya mutu, ko ƙiftawa ba ya yi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan rediyon mota suka zo, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan fitilar gaba da na'urar sanyaya mota ku yi haƙuri, naku na nan tafe.

Tambaya: Malam barka da aiki. Rediyon motata lafiya lau na kashe mota da daddare, da safe na tayar da ita shiru, ba haske ba sauti, na danna maɓallin kunnawa har na gaji. Abokina ya ce ya ƙone ne kawai in je in sayi sabo. Shin haka ne ko akwai abin da zan duba tukuna? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa kar ka sayi komai tukuna. Yawancin rediyon da ake kawowa ana cewa ya ƙone lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi, kuma in ka sayi sabo ka jona shi a wayoyin da ba su kawo wuta shi ma haka zai yi maka shiru, ka ga an yi asara biyu ke nan.

Fara da fis. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rediyo ba fis ɗaya gare shi ba, akasari uku ne. Akwai biyu a akwatin fis na mota, wanda ke ƙarƙashin sitiyari ko gefen dashbod ko cikin bonet, akwai kuma ɗaya a bayan rediyon kansa ko a jikin wayarsa, galibi mai amfiya 10 ko 15, shi wannan sai ka zaro rediyon za ka gan shi. A murfin akwatin akwai zane, ka nemi inda aka rubuta RADIO ko AUDIO ko ACC, amma kar ka tsaya nan, domin a motoci da yawa wutar da ke riƙe wa rediyo ƙwaƙwalwa ta fis ɗin fitilar rufin mota take biyowa, wanda ake rubuta wa DOME ko ROOM ko BACK UP, wasu kuma sun haɗa shi da soket ɗin da kake cajin waya. Don haka ka lura, fitilar ciki tana kamawa in ka buɗe ƙofa? agogon dashbod yana nan? caja tana kawo wuta? In ɗaya daga cikinsu ya mutu tare da rediyon to ka kusa gano wurin.

Kuma dan Allah kar ka yarda da duba fis da ido kawai, wani zai tsinke a can gefe inda ba ka gani. A bayan kowane fis akwai 'yan ƙarafa biyu ƙanana da suka leƙo, ka murɗa makulli zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kamawa kafin a tayar da inji, ka maƙala wayar testa mai ƙwan fitila a ƙarfen jikin mota ka taɓa kowanne. Duka biyun suka kawo haske, lafiyarsa lau. Ɗaya ya kawo ɗaya bai kawo ba, ya tsinke. Duka biyu babu, to matsalar tana can baya kafin fis ɗin. In za ka canza ka sa mai lamba iri ɗaya, launi ma yana nunawa, ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

To in duk fis lafiya sai a zaro rediyo a koma bayansa. Za ka ga wayoyi birjik, kar su tsorata ka, uku ne kacal ke sa shi ya kama. Rawaya ita ce mai wuta kullum daga batir ko mota a kashe take. Ja ita ke kawo wuta sai an murɗa makulli, aikinta ta ce wa rediyo tashi. Baƙa kuma ita ce negatib da ke komawa ƙarfen jikin mota. Sauran, fara da mai ruwan toka da koriya da shunayya, duk na sifiku ne, shuɗiya ta eriya ce ko amfilifaya, mai ruwan lemo ta hasken dare. Wannan launin na rediyon da ake saya a kasuwa a saka ne fa, wayoyin da kamfanin mota ya sa suna iya zama kowane launi, shi ya sa awo ya fi zato. Ka sa mita mai auna wuta a kan DC 20, baƙin tsinke a ƙarfen mota, jan tsinke a rawayar waya, ya kamata ka ga wajen bolt 12.6 in batir a cike yake, in inji na aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Sai ka koma kan jar waya, makulli a kashe ta nuna sifili, an murɗa ta nuna 12 da ɗoriya. Ɗaya daga cikin biyun nan ta ɓace, rediyo ba zai taɓa kamawa ba ko da yau aka ɓare shi daga kwali. Sannan ka ɗauke baƙin tsinken daga ƙarfe ka mai da shi kan baƙar waya ka sake auna rawayar, in lambar ta faɗi ko ta ɓace to baƙar ce ta saki, ko ƙusar da aka ɗaure ta ta yi tsatsa.

Nan ga wani abu da ke yaudarar har masu sana'ar. Mita tana iya nuna maka 12 cif alhali wayar saura silli ɗaya ko biyu a cikinta, ko mahaɗar ta yi kore da tsatsa. Ita mita wutar da take ja ba ta kai ta kawo ba, don haka ko ta sillin nan ɗaya za ta ga bolt 12, amma da rediyo ya nemi wuta ta gaske sai komai ya zube. Kamar famfon da ke ɗiga ne, ka sa yatsa ka ji ruwa amma ba zai cika bokiti ba. Maganin wannan ka samu ƙwan fitilar birki mai wat 21, ka jona shi tsakanin rawaya da baƙa, yana jan kusan amfiya 2, in ya haska tar wayar na da ƙarfi, in ya yi ja-ja ko bai kama ba ka bi wayar nan ka nemo inda ta lalace.

Gwaji na ƙarshe shi ke raba gardama. Cire rediyon gaba ɗaya, ka murɗe rawaya da ja wuri ɗaya ka kai su kan fositib na batir, da fis mai amfiya 10 a tsakani, baƙa a kan negatib, sauran wayoyin ka tabbata ba su taɓa juna ba. Ya kama, laifin yana jikin mota. Bai kama ba, sai a lokacin maganar abokinka ta fara samun gindin zama, kuma ko a nan ma mai gyaran rediyo ya fara buɗe shi kafin a yi maganar sabo.

Tambaya: Oga ni fis ɗin ne yake ta ƙonewa, da an sa sabo sai ka ji ɗas. Abin ya fara ne tun ranar da batir ya mutu aka jona min da na wata mota. Yaron da ke min gyara ya ce a sa mai amfiya 30 ko a naɗa masa waya kawai. In bari ya yi? Daga wani direban tasi.

Amsa: A'a wallahi kar ka bari. Fis ba don rediyo kaɗai aka sa shi ba, don wayar aka sa shi. Siririyar wayar da aka yi ta don amfiya 10, ka ba ta damar ɗaukar 30 ko ka naɗa ƙarfe wanda ba ya tsinkewa sam, to maimakon fis ya ƙone wayar ce za ta yi zafi robarta ta narke a can cikin dashbod inda ba ka gani, tana manne da wasu wayoyin, kuma daga nan ne gobarar mota ke tashi. Fis mai ƙonewa nan take yana gaya maka akwai inda wuta ke taɓa ƙarfe kai tsaye.

Yadda ka ce abin ya faro ranar jona batir, ina kyautata zaton an juya kan wayoyin ne ko da na daƙiƙa ɗaya, ja ya tafi negatib baƙi ya tafi fositib. A cikin rediyo, daidai inda wuta ke shiga, akwai wani ɗan dayod da aka sa musamman saboda irin wannan ganganci, in wuta ta zo a juye sai ya buɗe mata hanya ta wuce ta ƙona fis don ta bar sauran kayan. Sau da yawa shi kansa yana mutuwa a wajen, ya zama kamar waya miƙaƙƙiya tsakanin fositib da negatib, daga nan duk fis ɗin da ka sa zai ci shi. Labari mai daɗi shi ne ɗan ƙaramin abu ne, mai gyaran rediyo zai cire shi ya lika wani cikin ɗan lokaci. In ba a yi sa'a ba kuma aisin sauti ne ya tafi, wato babban baƙin nan da ke ɗaure a jikin ƙarfen sanyaya a baya, irin su TDA7388 da TDA7850 da ake yawan gani a rediyon kasuwa, shi ma ana canza shi, sai dai ka auna kuɗin aikin da darajar rediyon.

Ga yadda za ka raba tsakani da kanka. Zare soket ɗin bayan rediyo, ka sa sabon fis mai lambar da ta dace, ka murɗa makulli. In ya tsaya bai ƙone ba sai da ka mayar da soket, ciwon na cikin rediyo. In ya ƙone ko da rediyo a cire to a jikin mota yake, ka nemi wayar da ƙarfe ya goge wa roba, ko wadda aka ɗaure da salatef ya warware. Ka leƙa cikin soket ɗin caja ma, kai da kake ɗaukar fasinja, kwabo ko ɗan guntun ƙarfen bakin caja yakan faɗa ciki ya yi ta cin fis mutum na can yana zargin rediyo.

Tambaya: Malam an canza min batir, tun daga nan rediyon yake kamawa amma ba ya komai, sai wasu haruffa CODE a fuskarsa. Ya lalace ne? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Hajiya bai lalace ba, kulle kansa ya yi. Wasu kamfanoni irin su Honda da Volkswagen da Ford sun sa wa rediyonsu lambar sirri saboda ɓarayi, da an yanke masa wutar batir sai ya ɗauka sace shi aka yi. Ki duba littafin motar da aljihun dashbod, akan samu ɗan kati ko sitika mai lamba huɗu ko biyar. In babu, ana buƙatar lambar jikin rediyon da lambar shasi a kai wa dillalin kamfanin su fitar miki. Abin da zan roƙe ki kar ki yi ta cankar lambobi, in aka yi kuskure da yawa yana rufewa, na Volkswagen ya rubuta SAFE, sai an bar shi a kunne wajen awa guda kafin ya sake ba ki dama.

Tambaya: Na sa sabon rediyo, yana aiki, amma kullum na kashe mota sai ya manta tashoshi da agogo da komai. Na koma wajen wanda ya sa min sai ya haɗe jar waya da rawaya wuri ɗaya, yanzu ba ya mantuwa amma in mota ta kwana biyu ba a tayar ba batir ya yi sanyi. Mene ne mafita?

Amsa: Da farko an juya maka wayoyin ne, rawaya ta tafi layin makulli ja ta tafi layin batir, shi ya sa da ka zare makulli ƙwaƙwalwarsa ke rasa wuta. Wannan ba lallai laifin mai sakawa ba ne tun asali, akwai soket ɗin da ake kira ISO mai baki takwas a ɓangaren wuta, a ƙa'ida baki na 4 shi ne mai wuta kullum na 7 kuma na makulli, amma motoci da dama na Volkswagen da Audi da Opel sun musanya su. Shi ya sa za ka ga wayoyin rediyo da yawa an yi wa ja da rawaya 'yar mahaɗa a tsakiya wadda ake zarewa, don a musanya ba tare da an yanka komai ba. Inda ya yi maka ba daidai ba shi ne gyaran da ya yi daga baya. Haɗe su biyun a layin batir yana nufin rediyon bai san an kashe mota ba, yana nan a farke yana shan wuta dare da rana, in ma akwai amfilifaya da ke jiran umarni daga shuɗiyar waya mai ratsin fari to ita ma tana iya kwana a kunne. Mota mai lafiya in ta yi barci abin da take ja bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba. Ka koma ya raba su, ya auna da mita ya gano wacce ke da wuta kullum ya ba rawaya, wadda ke bin makulli ya ba ja, aikin minti goma ne. Kuma ka yi da wuri don batirin mota in yana yawan sauka ƙasa sosai ba ya daɗewa.

Tambaya: Na sayo rediyo mai babban sikirin na Android, na zo sakawa a motata ƙirar zamani, na auna duk wayoyin soket ɗin motar ban samu wadda ke kawo wuta da makulli ba, sikirin ɗin kuma ya ƙi kamawa. Ko an sayar min da matacce ne? Daga wani ɗalibi mai koyon aikin lantarki.

Amsa: Madalla da ka auna kafin ka yanka, ka fi wasu da suka daɗe a sana'ar. Ba ka samu ba ne don babu ita. A motoci da yawa na zamani rediyon kamfani ba ya jiran jar waya, saƙo yake karɓa daga kwamfutar mota ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe da juna, tsarin da ake kira CAN bus, shi ke ce masa an buɗe makulli. Rediyon kasuwa ba ya jin wannan yaren sai da ɗan akwatin da ke fassara masa, wanda yakan zo a kwali ɗaya da shi, kuma dole ya zama na irin motarka. Ka duba ko an sa maka shi, ko kuma an sa amma ba ka jona ba. In babu, kana iya janyo wa jar waya wuta daga akwatin fis, daga layin da ke mutuwa in an zare makulli kamar na soket ɗin caja a yawancin motoci, da fis nata na kanta, sai dai maɓallan sitiyari ba za su yi aiki ba sai da akwatin nan. Don ka huta da zargin mai shago ka yi masa gwajin kan batir da na faɗa a amsar farko. In ya tsaya a tambarin kamfani ya ƙi wucewa, akwai ɗan rami a fuskarsa an rubuta RST, ka sa tsinke ka danna.

Tunda koyo kake bari in ja maka kunne a kan abu ɗaya. Duk soket ko bututun waya mai launin rawaya shar da ka gani a ƙarƙashin sitiyari ko bayan dashbod ko ƙarƙashin kujera, na jakar iska ne mai fashewa lokacin haɗari, ba shi da alaƙa da rawayar wayar rediyo. Kar ka kai masa testa, kar ka kai masa mita. Su ma wayoyin CAN ɗin ba a caka musu testa mai ƙwan fitila. Kuma kafin ka yanka ko ka lika wata waya ka cire kan negatib na batir, bayan ka tabbata kana da lambar sirrin rediyon in irin mai kullewa ne.

Tambaya: Nawa yana kamawa amma in na faɗa rami ko na ƙure sauti sai ya ɗauke ya dawo, jiya kuma ya rubuta PROTECT ya yi shiru gaba ɗaya.

Amsa: Abu biyu ne nan kuma wataƙila tushensu ɗaya, wato wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatef. Ɗaukewa a rami sako-sako ne, ko soket bai shige sosai ba ko baƙar waya tana rawa, in kuma irin mai fuskar da ake cirewa ne ka cire ta ka goge 'yan haƙoran tagullar nan da auduga da ɗan sifirit. Ɗaukewa in an ƙure sauti kuwa wuta ce ba ta isa, sauti mai ƙarfi yana jan amfiya da yawa, mahaɗa mai rauni ba ta iya ba shi. Shi kuma PROTECT, wanda aka fi gani a Kenwood, rediyon ne ya ji wayar sifika ta taɓa ƙarfen mota ko ta taɓa 'yar'uwarta sai ya kashe kansa kafin aisi ya ƙone. Ka zare duk wayoyin sifiku takwas ka rufe bakinsu, ka danna ramin riset irin na RST ɗin nan, in rubutun ya tafi sai ka riƙa mayar da su sifika ɗaya bayan ɗaya kana kashewa kana kunnawa har ka kama mai laifin. Wurin da na fi zargi shi ne cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, buɗewa da rufewa na shekaru yana karya wayoyin wajen. Sifika mai lafiya in ka auna ta da mita za ta ba ka kusa da om 4, tsakaninta da ƙarfen mota kuma bai kamata mita ta nuna akwai haɗi ba. In ka cire duka sifikun rubutun bai tafi ba, aisin ya riga ya tafi.

Tambaya: Babbar mota nake ja, na cire rediyon ƙaramar motata na sa mata, ya yi haske sau ɗaya ya fitar da hayaƙi. Zai gyaru?

Amsa: Alhaji babbar motarka batir biyu ne a jere, bolt 24 ke nan, shi kuma rediyon na 12 ne, ka ba shi ninkin abin da zai iya ɗauka. Ka kai wa mai gyara ya buɗe, in a bakin shigar wuta ɓarnar ta tsaya zai tashi, in ta kai ciki ka haƙura da shi. Na gaba ka nemi wanda aka rubuta 24V a jikinsa, ko ka sa na'urar da ke sauke 24 zuwa 12 mai ɗaukar aƙalla amfiya 10. Kar kuma wani ya ba ka shawarar janyo wuta daga batir ɗaya cikin biyun, rediyon zai yi aiki amma batiran ba za su riƙa caji daidai ba, ɗaya yana sauka ɗaya yana cika fiye da kima, ƙarshe ka canza su duka biyun.